Abin da Na Gani a Gonar Dungu

Masu karatu, ina gaishe ku. Wasunku sun cika min akwatin saƙo suna tambayar me ya sa budurwa mai shekara ashirin da biyu, wadda ke da mai son ta da aure, take rubutu kamar gidan da aka yi rasuwa. Wata ma cewa ta yi shagwaɓa ce ke damuna. Na gode, 'yar'uwa, Allah ya bar ki cikin danginki. Yau zan faɗa muku komai, kuma da wani shirin tele zan fara, don ta nan abin ya biyo ya same ni.

Sunana Najaha. A Matamaye nake zaune, a gidan Baffana Alhaji Rabo, wan mahaifina. Ina da shekara goma sha biyu Abba ya rasu, Baffa ya kwaso mu ni da Inna ya ba mu ɗaki biyu a ƙuryar gida, bayan rumbu. Shi ya riƙe ni a lakwal, wato makarantar boko, har na gama, shi ya samo min aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da tasha. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ce ban san alheri ba. Na sani, kuma ko na so in manta akwai masu tuna min.

Shirin, Kujerar Shaida ake ce masa. Daga tsallaken iyaka ake nuno shi duk Lahadi bayan la'asar, kuma in kun shigo garinmu a wannan lokacin sai ku rantse an yi dokar hana fita. Labarin wani attajiri ne da ya sa wa shagon maƙwabcinsa wuta, ɗiyarsa Ruƙayya kuma ta gan shi. Sati huɗu masu shirin suna ja wa mutane rai, za ta faɗa ko ba za ta faɗa ba. A sati na biyar ta zauna a gaban alƙali ta faɗa.

To daga nan Matamaye ta cika da lauyoyi. 'Yan kabu-kabu a bakin tasha suna yanke hukunci, masu rake suna ɗaukaka ƙara. Wani dattijo ya zo shagonmu in buga masa takardar koke a kan awakin da suka shiga lambunsa, ya ce lallai in rubuta ta da irin maganar lauyan nan mai hular auduga. Na ce masa Baba, namu na nan baƙar riga kawai suke sawa, ba hula. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ya sa shari'ar ƙasar nan ba ta sauri. A gurup ɗin matan unguwa kuwa, ranar Litinin sai ka tarar da bokal, wato saƙon murya, ɗari da wani abu, kuma in ka cire biyu ko uku duk tsinuwa ce ga Ruƙayya. Wata ta ce da ita ta haife ta da ta shaƙe ta tun a zanen goyo. Wata ta yi kuka sosai, da shessheƙa, saboda tausayin uban.

A gidanmu a falon Hajiya Mariyama, matar Baffa, ake kallo. Ita tana kan doguwar kujera da kofin zoɓonta, ɗiyarta Bushra a gefenta tana danna salula, matan maƙwabta uku ko huɗu a kan kafet, bantilate, fanka ke nan, yana juyawa yana kaɗa labule. Inna takan zauna can lungu da tsintar shinkafa ko gyaran zogale a faranti. Ni wurina bakin ƙofa ne, kan tabarma, kusa da takalma. Ba wanda ya taɓa cewa nan ne wurina, haka dai abin ya zauna.

Kuma ba shirin kawai suke kallo ba. Duk sanda Ruƙayya ta buɗe baki, Hajiya Mariyama za ta ajiye kofi ta ce wa tele, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji, cewa akwai 'ya'yan da ci da su asara ne. Maƙwabta su ce ƙwarai kuwa. Bushra ta ce ai irin waɗannan a fuska ba a gane su, sai ka gan su shiru-shiru da hijabi har ƙasa. Ba mai waiwayowa ya dube ni. Ba sai sun waiwayo ba.

Za ku ce to me ya kai ni zama. Na gwada ƙin zuwa sau ɗaya, aka ce na tsargu ne. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce ina son ganin yarinyar nan. A duk faɗin garin nan ita kaɗai ce na san ta san abin da nake ji, ita kuma ba ta ma wanzu ba.

Ga abin da ya faru. Shekara uku da suka wuce, farkon damina, ni da Inna muka je ƙauyenmu Dungu taya kakata shuka. Baffa yana da gonar gado a can, tana jingine da gonar wata mata mai suna Baiwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ku na birni, a wurinmu ba a kewaye gona da waya ko bulo. Gamba ake dasawa a jere, ita ce iyaka, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a taɓa ta. Wata safiya da aka kwana ana ruwa aka aike ni in kai wa Baffa kunu. Na same shi shi kaɗai, ya rataye babbar rigarsa a reshen gawo, yana tumɓuke gambar da saiwarta yana sake dasa ta taki uku cikin gonar Baiwa. Ya ɗago muka haɗa ido. Ya ce in ajiye kwanon in koma gida, na ajiye na koma.

Baiwa ta kai kuka wurin mai gari, ba a daidaita ba, magana ta kai jastis, gaban alƙali. A can ta ce ta gamu da ni a hanyar gona a safiyar. Baffa ya yi dariya ya ce a kira ni mana, ɗiyarsa ce, in ana so ma a rantsar da ni. Ko sau ɗaya bai kira ni gefe ya ce ga abin da zan faɗa ba. A wurinsa wannan ba abin da ake faɗa wa ɗiyar gida ba ne, ta riga ta sani. Kuma kada in yi muku ƙaryar jarumta, da "ban ga komai ba" a bakina na shiga ɗakin nan. Sai malamin da ke zaune gefen alƙali ya ce in je in yi alwala. Na dawo hannuna da danshi, aka buɗe Alƙur'ani a gabana. Na dubi Baffa, na dubi Littafin, maganar da na taho da ita ta ƙi fitowa. Da aka sake tambayata, na faɗi abin da na gani, har da rigar da ke rataye a gawo.

Aka mayar wa Baiwa taki ukunta. Baffa bai dake ni ba, bai kore mu ba, kwanon tuwonmu bai fasa zuwa ba ko dare ɗaya. Da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Tun daga ranar in na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa da hanci yana duban wani wuri. Bushra, da muke kwana gado ɗaya muna hira har barci ya kwashe mu, ta daina shigowa sashenmu. Aka cire ni daga gurup ɗin dangi. In za a yi biki sai in ga kowa da anko, ni ba a ko gaya min kalar ba. Inna kuma ba ta taɓa ce min na yi daidai ko ban yi ba. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta kira, don haka na ɗauki shirunta a kawaicin da uwa ke yi, na haƙura da shi. Amma yana min ciwo fiye da habaicin falo.

Cikin wannan hali Cha'ibu ya shigo shagonmu wata takwas da suka wuce. Ɗan Damagaram ne, gidansu 'yan kasuwa, shi kayan injin ban-ruwa yake kawo wa masu lambu da masu rake duk sati biyu. Jerin kaya ya kawo in buga masa, rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takardar, sai da ya zauna yana karanta min ɗaya bayan ɗaya. Washegari ya dawo wai an manta abu ɗaya. Bayan sati biyu ya sake mantawa. Mutum ne mai surutu da dariya, baƙi, dogo, kullum cikin shadda mai guga ko da kuwa daga cikin taɓon lambu ya fito. Ba ya rubuta saƙo sai dai bokal, kuma ba ya yin na ƙasa da minti biyu. Da safe zai tambaye ni me na karya da shi, da yamma ya ba ni labarin duk wanda ya yi ciniki da shi. Ku da kuke da masu tambayarku kun ci ko ba ku ci ba, ba za ku gane abin da wannan ya zame min ba.

Ban faɗa masa zancen Dungu ba. Ku zage ni, na cancanta. Kullum sai in ce gobe.

Ranar da Ruƙayya ta ba da shaida, ina komawa ɗaki na tarar da bokal ɗinsa. Na sa abin ji a kunne na kwanta ina murmushi tun kafin in danna. Ya fara da tsokana kamar kullum, sannan ya ce:

"Kin kalli na yau kuwa? Ni fa yarinyar nan ta ba ni tsoro. Gaskiya gaskiya ce, ban ce ba. Amma wadda ta iya tsayawa gaban mutane ta kwance wa ubanta zane, mijinta me zai jira? Allah dai ya haɗa mu da masu rufa mana asiri irinki."

Sau huɗu na saurara. Na rubuta "akwai maganar da nake son mu yi", na goge. Na rubuta "ba ka san abin da ta ji ba", na goge. A ƙarshe na tura masa fuskar dariya guda biyu, na kifa salular a kan katifa, na yi kukan da ba sauti don kada Inna ta ji ta bango.

Bayan kwana goma mutanensa suka aiko cewa suna son zuwa neman aure. Tun da Abba ba ya raye, Baffa ne waliyyina, in bai karɓi goron ba babu wanda zai karɓa. Ya sa aka kira mu ni da Inna zaurensa. Ina durƙushe a gabansa amma da Inna yake magana, kamar ni buhu ce da aka ajiye. Ya ce shi ba zai hana ɗiyar ƙaninsa aure ba, Allah ya kiyaye. Sharaɗi ɗaya ne. In bi shi Dungu, in tsaya gaban mai gari da dattawan da suka ji shari'ar, in ce ban gani da kyau ba, ƙuruciya ce da ruɗin safiya. Ya ce ba gonar yake nema ba, sunansa yake nema, don shekara uku ke nan in ya shiga masallacin Dungu yana jin idon mutane a bayansa. A nan na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Mutumin nan shi ya saya min jakar lakwal ta farko.

Amma aikina buga takardu ne, na san yadda magana take zama in an faɗe ta gaban shaidu. Ranar da na ce ban gani ba, Baiwa ta zama matar da ta ci gona da rantsuwar ƙarya, ni kuma na zama wadda ta dafa Alƙur'ani ta yi wasa. Na ce wa Baffa ya ba ni lokaci. Ya sallame mu. Da muka fito Inna ta ce, tana duban ƙasa, in yi tunani da kyau, irin Cha'ibu ba kullum suke zuwa ba. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Lahadin da ta wuce, wato shekaranjiya, gwaggon Cha'ibu ta zo daga Damagaram. Hajiya Rabi sunanta. An ce gaisuwa ta zo yi, amma kowa ya san ganin yarinya ta zo, ta ga zamanta da tashinta da yadda take miƙa ruwa. Tun safe nake shara da goge-goge. Na yi dambun shinkafa da zogale, na soya kaji biyu, na dama fura da nono mai kyau. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, na yafa farin gyale, kwalli kawai na sa sai ɗan man leɓe. Ita kuma ta shigo cikin lafaya ruwan ƙasa, 'yar gajeruwa, da tabarau da zobban azurfa, ƙamshin turaren wutarta ya riga ta shiga falo. Ba ta da yawan magana, sai kallo.

Na ɗauka don baƙuwa za a bar tele a kashe. Ina. La'asar na yi Hajiya Mariyama ta ce ai Hajiya ma na san tana bi, Hajiya Rabi ta ce tana taɓawa. Aka kunna. Ranar kuwa aka ce in matso in zauna kan kafet kusa da baƙuwa, Bushra har da gyara min gyale tana ce min 'yar'uwa.

A satin nan lauyan uban ne yake yi wa Ruƙayya tambayoyi. Ya tambaye ta wa ya biya mata makaranta, wa ya kai ta asibiti da ta yi ciwo, rigar da ke jikinta wa ya saya. Tana amsawa tana cewa babana, babana, hawaye na zuba. Maƙwabta suka fara abin da suka saba. Hajiya Mariyama ta daure minti goma, na ga tana ta juya kofi a hannu, daga baya ta kasa. Ta ce lauyan nan Allah ya yi masa albarka, ya tambayi abin da ke ran duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani.

Hajiya Rabi ta cire tabarau ta goge da bakin lafaya. Sai ta juyo gare ni.

"Ke ɗiyata, ba ki ce komai ba. Ya kika ga yarinyar nan?"

Na ce, "Tausayi take ba ni, Hajiya."

"Ita, ko uban?"

"Duka biyun. Amma ita an sa ta rantse."

"Da ke ce fa?"

Na san amsar da za ta kai ni ɗakin Cha'ibu. Gajeruwa ce, kowace yarinya a garin nan ta iya ta. Na dubi Inna a lungunta, kanta na kan faranti. Na ce, "Da ni ce, abin da na gani zan faɗa."

Bushra ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai ta riga ta faɗa."

Daga nan Hajiya Mariyama ta karɓe zancen. Ta ce ita ba ta so a yi wannan gaban baƙuwa ba, amma aure ba a yin sa a kan rufa-rufa. Ta zayyana komai, daga rasuwar Abba har ranar jastis, sai dai a nata labarin babu gamba babu riga a gawo, akwai dai marainiyar da aka riƙa ta tashi ta tozarta mai riƙonta saboda bare. Ana ta shari'a a tele ba mai kallo. Hajiya Rabi ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce yamma ta yi, hanya da nisa.

Ni na ɗauki jakarta na raka ta. A soro ta tsaya ta tambaye ni ko Cha'ibu ya sani. Na ce a'a. Ta ce, "To wannan ne laifinki a wurina, wancan tsakaninki da Ubangijinki ne. Shi ya kawo ni, yana tasha yana jira na. Ba zan ɓoye masa ba."

Ban koma falo ba. Na shiga ɗaki na zauna bakin katifa da salula a hannu, ina ganin sunansa da alamar yana kan layi. Na fara bokal sau uku ina sokewa. Rabin awa, sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na ji sallamarsa a zauren Baffa. Sun daɗe. Rana ta yi ja sannan aka aiko in fito.

Yana tsaye jikin motar, shaddarsa ruwan toka, hularsa a hannu. Bai yi dariya ba, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba, sai ta zame min kamar ta wani. Ya ce abin da ya yi masa zafi shi ne a bakin wasu ya ji, wata takwas yana ba ni labarin har abin da ya ci, ni ina riƙe da wannan. Na ba shi haƙuri, don a nan yana da gaskiya. Ya ce ya tuna bokal ɗin da ya turo min, ya ji kunya, da ya sani da bai faɗa ba. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya matso ya rage murya.

"Na yi magana da Baffa. Mutumin kirki ne, Najaha, ciwo ne ke cin sa. Ya ce ko jibi a kawo goro zai karɓa. Magana ɗaya ce za ki faɗa a Dungu, ni zan kai ku da motata in dawo da ku. Matar nan gonarta na hannunta, ba mai karɓewa. Ki ce ba ki gani da kyau ba, mu wuce wurin nan."

Masu karatu, ina son mutumin nan. Ina son in bar bakin ƙofar falon nan, in je gidan da in na yi sallama za a amsa min da baki.

Na ce, "Na gani da kyau, Cha'ibu."

"Na sani. Ba cewa na yi ba ki gani ba."

"To ka ce in je in faɗa."

Ya juya hular a hannunsa. Ya ce ni fa ina da taurin kai. Na ce ban sani ba ko taurin kai ne, ni dai na dafa Littafi. Ya dubi ƙofar zauren Baffa, ya dube ni, ya ce bari ya mayar da Gwaggo gida kada dare ya yi musu a hanya, za mu yi magana. Ya shiga mota. Bai ce in gaida Inna ba, abin da bai taɓa mantawa ba.

Na yi sallar magariba a ɗaki, na zauna kan sallaya ban tashi ba. Salula na gefe, ba bokal, ba kira. A tsakar gida ina jin Bushra tana ba wata labari a waya tana dariya. Sai Inna ta ɗaga labule ta shigo, abin da ba ta cika yi ba, ta zauna a ƙasa kusa da ni har kafaɗarmu na taɓa juna. Na ɗauka ta zo ta ce in bi Baffa Dungu ne, na riga na shirya kukan da zan yi mata.

Ta ce, "Kowa a falon nan yarinyar yake zagi. Ni ba ita nake kallo ba. Akwai wata mata da ake nunawa a bencin baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ba ta taɓa magana ba. Uwarta ce."

Na ce ban taɓa lura da ita ba. Ta ce ita tun satin farko ita kaɗai take gani.

Sai ta ci gaba.

"Ran da aka aike ki da kunun nan kin manta ludayi. Na biyo ki da shi. Ina bayan kukar nan ta bakin hanya sanda kika ajiye kwano." Sai ta kira sunana, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ni ma na gan shi, Najaha. Na ji tsoron inda za mu kwana in ya kore mu, na bar ki ke kaɗai."

Ban san me na ji ba, har yanzu ban sani ba. Shekara uku ina zaune kusa da takalma ana jifana da magana, ashe wadda ta san gaskiyata tana lungu da farantin zogale. Na so in rungume ta, na so in tashi in bar mata ɗakin. Ban yi ko ɗaya ba, na dai ce, "Inna, don me sai yau?"

Ta miƙe ta ɗauki hijabina da ke kan ƙofa, don nata na ɗakinta, ta zura. Ya yi mata tsawo har yana jan ƙasa. Na tambaye ta ina za ta.

Ta ce, "Zaure. In Dungu yake so a je, da ni za a je, ni ma in faɗi abin da na gani. Sai ya zaɓi abin da yake son dattawa su ji."

Na bi ta har bakin rumbu na tsaya. Ina ji ta yi sallama a ƙofar Baffa sau biyu kafin ya amsa. Ya ce wace ce. Ta faɗi sunanta, ta cire takalmi, ta shiga.